Yashin Gombe, lakar Dadin Kowa da dajin bakin teku

Ruwan saman da ya sauka a tsohuwar jihar Bauchi, wato Bauchi da Gombe na yau, hanya biyu yake bi. Wanda ya zuba a arewa, wajajen Ningi da Jama'are da Katagum, kogin Jama'are yake shiga, ya haɗu da na Haɗeja a fadamun Nguru, ya zama Komadugu Yobe, in da rabo ya kai tafkin Chadi. Wannan ba ya ganin teku har abada. Wanda kuwa ya zuba a kudu da gabas, har da kusan duk ruwan jihar Gombe, Binuwai ya nufa, mafi yawansa ta kogin Gongola. Gongola daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa Bauchi ya miƙe arewa maso gabas, a wajen Nafada ya karya kwana ya yi kudu, ya bi ta Dadin Kowa, ya faɗa Binuwai a Numan. Binuwai ya tarar da Kwara a Lakwaja, su biyun suka gangara tare har Neja Dalta, inda ruwan ya rarrabu ya shige tekun Atlantika.

Na fara da wannan lissafin hanya ne saboda mu nan Bauchi da Gombe, in aka ce ana taron masana a kan ruwan gaɓar teku, sai mu ɗauka zancen mutanen Fatakwal da Kalaba ne. Su ma can, in aka ce kwari ya cinye gidaje a Gombe, labarin wata duniya ne a wurinsu. Ofisoshin gwamnati ma haka aka yanka su. Daji yana hannun jiha, dam yana hannun hukumar raya kogunan tarayya da ke Yola, binciken gandun daji yana Ibadan, binciken kifin ruwan daɗi yana Sabuwar Busa, binciken teku yana Legas. Kowa da fayil ɗinsa. Kogin kuwa ɗaya ne, kuma abin da ya ɗauko a nan shi yake saukewa a can. Abin da ya fi damuna a duk tsawon wannan hanya shi ne ƙarancin awo. Muna kashe kuɗi a kan gyara, amma da wuya a tarar da wanda ya auna yadda wuri yake kafin ya lalace, ko ya dawo ya auna bayan an ce an gyara.

Bari mu fara daga tudu. Aikin da bishiya ke yi wa ruwan sama ya wuce inuwa. Ɗigon ruwa yana faɗowa da ƙarfi, in ya daki ƙasa tsirara sai ya farfasa ta, ƙananan ɓarɓashin su toshe kafofin da ruwa ke bi ya nutse, saman ƙasa ya yi ɓawo. Daga nan ruwan ya daina shiga, sai gudu. Inda akwai marke da kirya da kalgo da ciyawa a ƙarƙashinsu, ganye yana karya ƙarfin ɗigon, busasshen ganyen da ya zuba yana riƙe damshi, gara da saiwa suna huda ƙasa, ruwan ya sami hanyar gangarawa ƙasa a hankali. Wannan ruwan da ya nutse shi ne yake fitowa a rijiya a watan Maris, shi ne yake riƙe rafi da rai bayan damina ta ɗauke. Saboda haka dajin da aka sare sau biyu ake biyan kuɗinsa: ambaliya a Agusta, ƙafewar rijiya a bazara.

Garin Gombe kuma ya haɗa abubuwa uku da zaizaya ke so. Ƙasarsa yashi ce mai saurin warwarewa, garin yana kwance a gangare daga tudun yamma zuwa gabas, sannan tun da ya zama hedkwatar jiha a 1996 gine-gine suka mamaye wuraren da a da gonaki ne da jeji. Kowane rufin kwano da kowane titi mai kwalta ƙarin ruwa ne da ba zai nutse ba. Sakamakon shi ne kwarurrukan da kowa ya sani, irin wanda ya bi ta bayan jami'ar jiha zuwa Malam Inna, wanda aka yi wa aiki a ƙarƙashin NEWMAP, shirin Bankin Duniya na yaƙi da zaizayar ƙasa. Bayan shi aka kawo ACReSAL, wanda bankin ya amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Aikin kankare a bakin kwari yana ceton gidaje, wanda ya kwana yana jin ƙasa na zubewa a bayan katangarsa ba zai raina shi ba. Sai dai kankare gudun ruwa yake ƙarawa. In ba a rage yawan ruwan da ke gangarowa daga sama ba, ɓarnar gaba kawai take matsawa, ta sauka a kan unguwar da magudanar ta ƙare.

To ƙasar da ta bar gonaki da unguwanni ina take zuwa? Ta sama da Dadin Kowa, wadda ta fito daga Bauchi da Dukku da Nafada da Funakaye, cikin dam take zama. An gama dam ɗin a 1984, an tsara shi ya riƙe ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.8. Daga cikinsa garin Gombe ke shan ruwan famfo, da shi ake noman rani, kuma bayan fiye da shekara 30 ana jira aka kunna injinan lantarki masu ƙarfin megawat 40. Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwan kogi da damina ya zuba a randa ya san abin da ke faruwa: kafin gari ya waye ruwan ya kwanta, laka ta taru a gindi. Haka dam yake yi, bambancin kawai shi ba a iya juye shi a wanke. Kowace damina yana ƙara cika da laka, wurin zaman ruwa yana raguwa. Dam ɗin da cikinsa ya ragu kuwa yana saurin batsewa, dole a buɗe ƙofa da wuri, manoman da ke ƙasa su kwashi ruwa a gonakinsu, sannan a ƙarshen rani a tarar ruwan bai kai yadda aka yi lissafi ba.

Auna wannan ba abu ne mai wuya ba. Jirgin ruwa ne da na'urar da ke aika sauti ƙasa ta dawo da zurfi, a bi layi-layi, a kwatanta da taswirar ranar da aka gina dam. Kamata ya yi a riƙa yi duk bayan 'yan shekaru, a buga sakamakon kowa ya gani, domin wannan adadi guda shi ne zai gaya mana ko dashen itatuwan da ake yi a sama yana aiki ko ba ya yi. In laka ta ragu, daji yana farfaɗowa. In ta ƙaru, ko bishiya miliyan nawa aka ce an dasa, ƙasa tana nan tana tafiya. Ruwan da ya kuɓuta daga Dadin Kowa kuma sai ya sake tarar da dam ɗin Kiri a Adamawa, wanda aka gina a farkon shekarun 1980 saboda rake na kamfanin sukari na Numan. Can ma wata lakar ta zauna.

A nan ne maganar take juyewa ta hanyar da mutum ba zai zata ba. Lakar da ta zame mana masifa, bakin teku nemanta yake. Neja Dalta gaba ɗayanta tarin ƙasa ce da Kwara da Binuwai suka kwaso daga tudu cikin dubban shekaru. Irin wannan ƙasa kullum tana lotsawa a hankali saboda nauyinta, igiyar ruwa kuma kullum tana ɗiba. Abin da ke riƙe ta shi ne sabuwar lakar da kogi ke kawowa duk shekara. Da aka datse Kwara a Kainji a 1968, daga baya aka ƙara Jebba, da Shiroro a kan kogin Kaduna, aka datse Binuwai a Lagdo ta Kamaru a 1982, aka datse Gongola wuri biyu, kason da ke isa teku ya ragu. Wasu ƙasashen sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A Masar, bayan babban dam na Aswan ya tsare lakar Nilu, bakin teku ya fara cinyewa a Rashid da Dumyaɗ, kamun kifin sadin a gaɓar ƙasar ya faɗi warwas cikin 'yan shekaru domin abincin da ambaliya ke kawo masa ya yanke. A Gana, dam ɗin Akosombo na 1965 yana cikin dalilan da masana ke kawowa na yadda teku ta cinye wani ɓangare na garin Keta.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Gongola ƙaramin yaro ne a cikin kogunan da ke ciyar da Neja Dalta, kuma cinyewar gaɓar Najeriya mai tsawon kilomita 853 dalilanta da yawa: hawan ruwan teku, haƙar yashi don gini, magudanan da aka yanka don jiragen kamfanonin mai, da lotsawar ƙasa. Garin Ayetoro na jihar Ondo da teku ke haɗiyewa ba mutanen Dukku ne suka jawo masa ba. Abin lura shi ne cewa ƙasa ɗaya ce take yin ɓarna sau uku: ta bar gonar da ke buƙatarta, ta zauna a dam ɗin da ba ya sonta, ta kasa isa gaɓar da ke jiranta. Babu ofishi ɗaya a ƙasar nan da aikinsa shi ne ya bi wannan lissafi daga farko zuwa ƙarshe.

A kan wannan laka ta bakin teku wani irin daji ke tsirowa, mangurof, itatuwan da ke rayuwa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje suna shaƙar iska in ruwa ya janye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawansa. Cikin sarƙaƙiyar saiwoyin nan ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa ke girma, inda manyan kifaye ba sa iya kutsawa su cinye su, sai sun yi ƙwari su fita teku. Busasshen kirafish da matanmu ke saya a babbar kasuwar Gombe ko Muda Lawal a Bauchi daga irin waɗannan ruwaye yake fitowa. Hukumomin tarayya sun sha faɗin cewa ƙasar nan tana buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba, sauran sai an shigo da shi da dala. Duk fadamar gishirin da ta mutu, giɓin ne yake ƙara faɗi. Dajin kuma yana fama da wani baƙo, wani irin kwakwan ruwa mai suna nifa da Turawa suka kawo Kalaba a 1906 da nufin ya tsare zaizaya. Yau ya bazu yana kore itatuwan asali, kuma ba ya ba kifi mafakar da suke bayarwa. Da kyakkyawar niyya aka kawo shi, ba tare da an gwada a ƙaramin wuri an jira an ga halinsa ba.

Misalin da ya fi kowane nuna amfanin bincike a wannan fanni ba daga teku ya zo ba, daga ɗaya hanyar ruwan Bauchi ya zo, wadda ta yi arewa. Bayan an gina dam ɗin Tiga a 1974, daga baya na Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai. A idon injiniyoyin wancan zamani, ruwan da ya bazu a fadama asara ce, gara a tare shi a yi noman zamani. A farkon shekarun 1990 wasu masana, cikinsu har da masanin tattalin arziki Edward Barbier, suka zauna suka yi lissafin da ba a taɓa yi ba. Suka ƙirga shinkafar fadama, da kifin da masunta ke kamawa, da itacen girki, suka raba da yawan ruwan da fadamar ke sha, sannan suka kwatanta da abin da ruwa daidai wannan ke samarwa a aikin noman rani na kogin Kano. Fadama ta yi wa aikin gwamnati fintinƙau, alhali ba a ma sa kiwon dabbobi da ruwan da ke nutsewa ya cika rijiyoyi a cikin lissafin ba. Dalilin da ya sa ba a ganin wannan arziki shi ne ba ya bi ta baitulmali. Talaka ne ke cinsa kai tsaye.

Wannan bincike ya shafe mu, domin dam ɗin Kafin Zaki da aka fara tun zamanin Shagari a ƙasar Ningi kogin Jama'are zai tare, kuma Jama'are shi ne babban kogin da ya rage ba a datse ba a cikin masu ciyar da fadamar. Duk lokacin zaɓe sai maganar ta taso. Mutanen Bauchi suna da hujjarsu, suna ganin ruwa yana wuce su ya tafi alhali matasa ba aikin yi. Mutanen Yobe da Borno su ma suna da tasu. Ni dai a ganina duk ɗan siyasar da zai yi alkawarin Kafin Zaki, a tambaye shi nawa ne ruwan da za a riƙa saki duk damina, a wane wata, kuma wa zai riƙe mabuɗin. Ya kuma je ya ga yadda kacala ta toshe magudanai a fadamun Haɗeja tun da ruwan dam ya koma gudana rani da damina, ƙasa ta daina bushewa.

Mu dawo kan daji. Gwamnatin Gombe ta ƙaddamar da shirin 3G a 2019 da burin dasa bishiya miliyan ɗaya duk shekara, kuma Bauchi da Gombe suna cikin jihohi 11 da shirin ganuwar itatuwa ta Afirka ya shafa. Duk wanda ya bi wasu titunan Gombe ya ga darbejiya ta fara yin inuwa, wannan gaskiya ce. Amma adadin da ake shelantawa a irin waɗannan shirye-shirye, a ko'ina cikin ƙasar, adadin dashe ne. Ɗan itacen da aka dasa a Yuli sai ya tsallake watanni bakwai babu ruwa, ya tsallake akuya da gara da gobarar daji, sannan a kira shi bishiya. Adadin da ke da ma'ana shi ne nawa suka rayu bayan rani uku, a wane wuri, wane iri. Samun sa bai fi ƙarfin ɗaliban jami'a ba: a ware filaye, a sa musu alama, a riƙa komawa kowane Afrilu ana ƙirgawa. Sai dai ranar dashe ana zuwa da kyamara, ranar ƙirga kuwa rana ce da ƙura, kuma tana iya fito da adadin da mai girma ba zai so ji ba.

Akwai kuma tambayar wa ke da bishiyar. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka yi shekara da shekaru a karkarar Kano ya nuna abin da ya saɓa wa zato: a yankin da ya fi ko'ina cunkoson jama'a, itatuwan gona ba su ƙare ba, manoma suna riƙe da su, suna sassabe reshe su bar uwa. Ɗorawa da kuka da tsamiya da ke cikin gona suna da mai su, shi ya sa suke tsaye. A Maraɗi ta Nijar, daga shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su yanke sauran. Suna ce masa sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta ta bar manomi ya amfana da itacen da ya raina, ba malamin daji ya zo ya ci shi tara ba, abin ya bazu. Ƙiyasin masana ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa gawo da ire-irensa, ba tare da gandun renon dashe ko tankar ban ruwa ba. Saiwar tana nan a ƙasa tun da can, ta riga ta kai ga damshi. A gonakin Dukku da Darazo da Kirfi irin waɗannan kututture suna nan, duk shekara ana sare tohonsu ana ƙonewa da sunan sharar gona.

Gandun dajin gwamnati shi ne akasin wannan. Tun dokokin daji na Turawa aka shata shi aka ce na hukuma ne, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ƙara damƙa komai a hannun gwamna. Mutanen ƙauyen da ke gefensa ba su da rabo a cikinsa in ya tsaya, saboda haka ba su da asara in ya faɗi. Malaman daji sun tsufa sun yi ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba. Sai mai gawayi ya shigo, kuma shi kirya da marke da kaɗanya yake nema, masu nauyin itace, waɗanda kafin su girma yaro ya zama magidanci. An sha shelar hana sare itace don gawayi, amma muddin kuɗin gas da kananzir sun fi ƙarfin mai gida, buhun gawayi zai ci gaba da shigowa gari ko ta bayan shinge. Madobiya ma ta ga tata rana: 'yan kasuwa suka bi ta daji-daji, musamman a Taraba, ana lodawa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Dajin da hukuma ta bari kuma ba ya zama babu kowa. Sambisa gandun namun daji ne a da, kuma mutanen Toro da Ningi sun san irin baƙin da dajin Lame-Burra ya riƙa saukarwa.

Yankari ya nuna abin da awo ke iya yi in an dage. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa kilomita murabba'i 2,244 ne, kuma rayuwarsa ta rataya a kan kogin Gaji, inda dabbobi ke taruwa da rani. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye kusan 350. Shekarun da suka biyo baya masu neman haure suka yi musu ɓarna, har ƙiyasin ya sauko tsakanin 100 da 150. Da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta karɓi ragamar sintiri tare da gwamnatin jiha a 2014, abin da ta fara gyarawa mai sauƙin faɗa ne: a biya masu gadi alawus ɗinsu, kowane sintiri a rubuta inda aka bi da abin da aka gani, a ɗaura wa wasu giwaye na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya. Da wannan aka san inda garke yake, ana iya yi wa ƙauye gargaɗi kafin giwa ta shiga gona, kashe giwaye kuma ya ragu sosai. Rigimar ba ta ƙare ba. Manomin da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya ba ruwansa da taswira, diyya yake so, kamar yadda na bakin Dadin Kowa ke kuka da dorina. Makiyayi kuma da aka nome masa burtali yana ganin ciyawa a cikin gandu. Amma aƙalla a Yankari ana gardama ne a kan adadin da aka ƙirga.

Shekarar da aka keɓe Yankari, 1956, ita ce shekarar da aka sami mai a Oloibiri da ke Neja Dalta. Bayan shekara biyu aka fara haƙa a ƙasar Ogoni, aka ci gaba har 1993. Cikakken bincike mai zaman kansa a kan abin da man ya yi wa ƙasar bai fito ba sai a Agustan 2011, lokacin da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa rahotonta. Masanan sun duba wurare fiye da 200, sun ɗebi samfur fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa. A Nisisioken Ogale sun tarar mutane suna shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin mai jawo kansa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Suka ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, suka nemi a fara da dala biliyan ɗaya. A garin Bodo, inda bututu ya fashe a 2008 ya kashe dajin mangurof, shekaru aka yi ana jayayya a kan yawan man da ya zuba, kafin Shell ya yarda ya biya fam miliyan 55 a 2015 bayan an kai ƙara Ingila. Abin da ya wahalar da mutanen nan a kowace shari'a shi ne ba su da takardar da ke nuna yadda ruwansu da kifinsu suke kafin mai ya zo. Sun san da bakinsu, amma kotu lamba take so.

Yanzu ga mai a ƙofar gidanmu. NNPC ya ba da sanarwar samun sa a Kolmani a 2019, Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙa a Nuwamban 2022, a kan iyakar Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe, gwamnati tana maganar ganga fiye da biliyan ɗaya. Tun daga nan aikin yake tafiyar hawainiya, jama'a suna ta ƙorafi, kuma mafi yawan muhawarar a kan rijiyar ta wace jiha ce da kason da za a samu take. Wannan jinkiri, duk da ɗacinsa, dama ce da mutanen Ogoni ba su samu ba. Dokar 1992 ta wajabta a tantance tasirin irin wannan aiki a kan muhalli, a ajiye rahoton kwana 21 jama'a su duba. Amma kamfani ne ke ɗaukar masu binciken ya biya su, galibi zuwa biyu suke yi, ɗaya da damina ɗaya da rani, rahoton kuma ya fito da Turancin da ko mai digiri sai ya yi da gaske.

Abin da ake buƙata ya fi wannan, kuma bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. A bi rijiyoyi da burtsatse na ƙauyukan da ke kewaye da Kolmani ɗaya bayan ɗaya, a auna zurfin ruwa da abin da ke cikinsa, a maimaita kowane wata uku. A ɗebi ƙasar gonaki, a rubuta amfanin da kowace kadada ke bayarwa, a ƙirga itatuwa da irinsu, a duba littattafan asibitocin yankin a san cututtukan da ake fama da su yau. Hotunan tauraron Landsat suna nan tun 1972, kyauta ake saukar da su tun 2008, za su nuna yadda jejin yake shekara 50 baya. Masana ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma su amsa tambaya ɗaya da ta shafi Bauchi musamman: ruwan da ke ƙarƙashin filin man yana da mahaɗa da wanda ke ɓuɓɓugowa a Wikki cikin Yankari ya ciyar da Gaji? Yankari da rijiyoyin ɓangaren Bauchi a ƙaramar hukuma ɗaya suke. Kuɗin aikin ya fito daga jihohin biyu, kada ya fito daga aljihun kamfani, sakamakon a rubuta shi da Hausa, kwafi a gidan hakimi, kwafi a ɗakin karatun jami'a. Masu yin aikin ba sai an ɗauko su daga Legas ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana Bauchi, jami'ar jiha tana Gombe, ta tarayya da ke Kashere kuwa a cikin ƙaramar hukumar Akko take, kuma kowace shekara ɗalibansu na ajin ƙarshe suna yawon neman abin da za su yi bincike a kai.